Yawon ƙafa a kwazazzabon Wissahickon na birnin Filadelfiya: daga ina ake farawa, wace turba ake bi

A arewa maso yammacin birnin Filadelfiya, cikin jihar Fensilbaniya ta Amurka, akwai wani rafi da ake kira Wissahickon. Tsawonsa mil 23 ne, yana tasowa daga gundumar Montgomery ya gangaro ya faɗa kogin Schuylkill. Kafin ya kai kogin, sai ya ratsa wani kwazazzabo mai zurfi, duwatsu dama da hagu, dogayen itatuwa sun rufe sama. Wannan kwazazzabon shi ne gandun Wissahickon, mai faɗin kusan eka 2,000, da turbobin ƙafa da jimillarsu ta haura mil 50. Shiga kyauta ne, babu ƙofa, babu mai karɓar tikiti.

Dajin bai tsira da kansa ba. A da bakin rafin cike yake da injinan niƙa da masana'antun takarda da na saƙa masu aiki da ƙarfin ruwa. Masana'antar takarda ta farko a yankunan da Ingila ta mallaka a Arewacin Amurka ma nan kusa William Rittenhouse ya kafa ta a 1690. Daga 1868 ne hukumar birnin ta fara mallake filayen tana rushe masana'antun, saboda daga kogin Schuylkill mutanen gari ke shan ruwa, kuma duk ƙazantar da aka zuba a rafin can take ƙarewa. Madatsun ruwa da guntayen katangun dutse da za ka riƙa gani a hanya ragowar wancan zamanin ne.

Yawancin masu zuwa suna tsayawa ne a shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke bin bakin ruwa, su taka kaɗan, su ɗau hoto, su koma mota. Ba laifi ba ne, amma wanda ya tsaya nan bai ga kwazazzabon ba tukuna. Sai ka hau turbobin da ke manne a jikin tudu, ka leƙo ruwan daga sama, sannan za ka san zurfin wurin. Hawan kuwa ba ya buƙatar ƙarfin ɗan wasa. Shiri yake buƙata, da sanin inda ake hawa da inda ake sauka.

Fara da fahimtar shimfiɗar wurin

Idan ka riƙe abu uku a ka, da wuya ka ɓata. Na farko, rafin daga arewa yake kwararowa zuwa kudu. Na biyu, a gaɓar yamma akwai faffaɗar hanyar tsakuwa mai suna Forbidden Drive, tsawonta mil 5 da ɗoriya, daga titin Northwestern a arewa zuwa titin Lincoln a kudu. Tun shekarun 1920 aka hana motoci bin ta, don haka masu tafiya da masu gudu da masu keke da mahaya dawakai ne kawai a kai. Na uku, turbobin tudu launi ake shafa musu a jikin itace ko a kan ginshiƙan katako. A gabashin rafi akwai mai ruwan lemo, wadda alluna ke rubutawa Orange, ita ce ta fi kusa da ruwa kuma ta fi duwatsu. A samanta akwai fara, White. A yammacin rafi, sama da hanyar tsakuwa, akwai mai ruwan ɗorawa, Yellow.

Amfanin wannan tsarin shi ne, duk inda ka rikice, ka gangara wajen ruwa, ka nemi gada mafi kusa, ka haye zuwa hanyar tsakuwa. Ita ba ta ɓatar da kowa.

Kafin ka bar gida ka sauke taswirar gandun a wayarka yadda za ta buɗe ko babu sabis, domin a ƙasan kwarin sabis yakan yi rauni. Ƙungiyar Friends of the Wissahickon, wadda aka kafa a 1924 kuma take kula da turbobin tare da hukumar birni, tana da taswira mai kyau, tana kuma sanar da turbar da aka rufe don gyara. Ka duba wannan sanarwar, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Rana da lokaci

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganyaye ke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa, kuma a ganina babu lokacin da ya kai wannan daɗin tafiya: babu zufa, babu sauro, sai dai busasshen ganye yana ɓoye saiwoyi da ramuka, idan kuma ya jiƙe santsinsa ba kaɗan ba ne. Afrilu da Mayu akwai taɓo. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, da hadari mai tsawa da kan taso da la'asar ba sallama. A Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe 5, a cikin kwari kuma duhu ya fi saurin shiga, ga ƙanƙara da ke daskarewa a kan matakalun dutse.

Ko wane wata ne, sammako ya fi. Ranakun Asabar da Lahadi wurin ajiye motoci kan cika tun da hantsi. Idan an kwana ana tafka ruwa, ka ɗage hawan tudu zuwa wata rana. Garuruwan da ke saman rafin duk kwalta ne da rufin gidaje, ruwan sama ba ya samun ƙasar da zai nitse, sai ya taru ya kwararo cikin kwazazzabon gaba ɗaya, rafin da ka sani shiru-shiru ya zama ja wur yana tafe da gungume. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar da ragowar guguwar Ida ta haddasa a Satumbar 2021 ba.

Sutura da guzuri

Takalmi shi ne kan gaba. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da wurin zama a nan. Kambas mai tsaga-tsaga a ƙasa ya wadatar, idan kana da na hawan dutse mai riƙe idon sawu ya fi. Kada ka zo da sabon da ba ka taɓa sawa ba, bororo zai hana ka sakat tun ba ka yi nisa ba. Sa dogon wando da doguwar safa, dalilin na nan tafe a ƙasa. Jallabiya ko doguwar riga mai jan ƙasa takan harɗe ƙafa a kan matakala. 'Yan'uwa mata za su fi samun sauƙi da wando mai faɗi a ƙarƙashin riga mai tsayawa sama da idon sawu, da hijabin da ba zai riƙa maƙalewa a reshe ba.

A jakar goyo ka saka ruwan sha, lita 1 aƙalla ga kowane mutum, a lokacin zafi kuma ka ninka. Ƙara wata gorar daban idan sallah za ta riske ka a can, domin ruwan rafin ba na sha ba ne, ba kuma na kurkure baki ba: wani kaso babba na abin da ke gudana a cikinsa, musamman idan an daɗe ba a yi ruwa ba, daga matatun ruwan ƙazanta na garuruwan sama yake fitowa. Sai dabino ko gyaɗa, filasta, maganin feshin ƙwari, ƙaramar tocila, leda ta zuba shara, da waya mai cikakken caji. 'Yar siririyar darduma ba ta da nauyi. Alƙibla daga Filadelfiya arewa maso gabas take, kuma wuraren da ke da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a gefen hanyar tsakuwa suna da yawa.

Ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. Idan da hali, ku tafi ku biyu.

Isa wurin

Ga mai zuwan farko, mafarin da ya fi dacewa shi ne Valley Green Inn, wani farin gidan cin abinci da aka gina a 1850, yana tsakiyar kwarin a bakin hanyar tsakuwa. Mai mota zai gangaro ta titin Valley Green daga unguwar Chestnut Hill, ko ta titin Wises Mill daga ɓangaren Roxborough. Kada ka bar jaka ko waya a kan kujera inda za a hango ta gilashi. Wanda ba shi da mota ya hau jirgin ƙasa na SEPTA, hukumar sufurin yankin, layin Chestnut Hill West, daga tsakiyar gari ya sauka a tashar St. Martins, daga nan tafiyar minti 20 zuwa 30 ce a ƙafa. Zuwan gangara ce, wato komawar hawa ce, don haka ka rage ƙarfin da za ka hau da shi, ka kuma duba lokacin jirgin komawa tun kafin ka shiga daji. Akwai makewayi a wajen Valley Green. Ka yi amfani da shi kafin ka tashi, domin a gaba ba ko'ina ake samu ba.

Zagayen arewa: mutum-mutumi da jar gada

Wannan zagayen kusan mil 3 ne, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara da shi. Daga gaban gidan abincin ka kama hanyar tsakuwa ka nufi arewa, ruwa yana hannunka na dama. Ka tsaya a gefen dama na hanya, masu keke za su riƙa yi maka magana daga baya cewa za su wuce ta hagunka. Ba ka yi nisa ba za ka ji ƙarar ruwa yana zuba daga madatsar Magarge, ragowar wata tsohuwar masana'antar takarda. A nan akan ga zalɓe tsaye a ruwa mara zurfi yana dakon kifi.

Ci gaba har gadar dutse ta titin Rex. Haye ta zuwa gabas. A nan aikin yake farawa: matakalun dutse ne ke hawa jikin tudu zuwa wani dutse da ake kira Council Rock. Matakalun ba tsayinsu ɗaya ba, wasu sun karkace, saboda haka ka taka a hankali, ka huta a tsakiya idan numfashi ya ɗauke. A sama za ka tarar da mutum-mutumin farin dutse mai tsayin ƙafa 15, mutum a durƙushe ya kare idonsa da tafin hannu yana duban yamma. John Massey Rhind ne ya sassaƙa shi, aka kafa shi a 1902 don tunawa da mutanen Lenape, waɗanda ƙasar nan tasu ce kafin zuwan Turawa. Jama'a na kiransa da sunan shugabansu Teedyuscung, ko da yake hular gashin tsuntsun da aka ɗora masa irin ta ƙabilun da ke can filayen yamma ce, ba ta Lenape ba. Gaban dutsen babu shinge, ƙasa kuwa da nisa. Riƙe hannun yaro a nan dole ne.

Kafin ka sauka, sunkuya ka dubi dutsen da kake takawa. Toka-toka ne, shimfiɗe falle-falle, idan rana ta haske shi sai ka ga yana ƙyalƙyali da ƙananan ɓarɓashi masu sheƙi, wani wurin ma da ɗigo-ɗigon jan dutse mai duhu a maƙale. Da irinsa aka gina tsofaffin gidajen unguwannin Chestnut Hill da Germantown. Falle-fallen nan su ne ke sa shi santsi idan ya jiƙe, musamman inda gansakuka ta kama, don haka ka ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya, kada ka taka da gefe.

Sauko ka kama turba mai ruwan lemo ka nufi arewa, yanzu ruwa yana hagunka. Siririya ce, saiwoyi sun ratsa ta, wani wurin sai ka dafa dutse. Idan ka yi 'yan mintuna ba ka ga alamar launi ba, koma baya zuwa ta ƙarshe da ka gani. Akwai ƙananan hanyoyi da ƙafafun masu yanke suka fitar, suna kama da turba amma ba ita ba ce. Bin su na kai mutum ga gangara mai haɗari, kuma su ne ke zaizaye tudun, ƙasa ta zube cikin rafi, 'yan sa-kai su yi watanni suna gyara. Wannan abu ne da ke damuna ƙwarai, domin minti biyu da mutum ya rage wa kansa wasu ne ke biya da gumi.

Turbar za ta sauke ka a gadar Thomas Mill, jar gadar katako mai rufi da bango, wadda aka gina a 1855 aka sabunta a 1939. Ita kaɗai ta rage irinta a duk faɗin Filadelfiya. Ratsa ta, ka juya hagu, hanyar tsakuwa za ta mayar da kai Valley Green ba hawa ba sauka.

Zagayen kudu, ga wanda ƙafarsa ta saba

Tsawonsa bai fi na arewa ba sosai, amma ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, kuma ban ga dalilin kai ƙananan yara ko mai ciwon gwiwa ba. Haye gadar dutse da ke kusa da gidan abincin, ka juya dama a kan turba mai ruwan lemo, ruwa yana damanka.

Wurin farko da za ka iso shi ne inda ƙoramar Cresheim ke faɗowa cikin Wissahickon, ta yi wani gurbi tsakanin manyan duwatsu da ake kira Devil's Pool. Da zafi za ka tarar da matasa suna tsalle daga kan dutse suna faɗawa ciki. Kada ka bi sahunsu. Doka ta hana iyo a rafukan birnin, ruwan ba shi da tsabta, zurfinsa na canzawa, akwai duwatsu a ƙasa da ido ba ya gani, kuma fitar da wanda ya ji rauni daga wannan lungun aiki ne ja ga masu ceto. Duwatsun wajen kullum a jiƙe suke. Idan ka ga ƙoramar ta cika tana gudu, ka juya, wata rana ka dawo.

Gaba kaɗan akwai tsohon gidan dutse na iyalan Livezey, masu injin niƙa tun ƙarni na 18. Daga nan turbar ke hawa sosai har zuwa Fingerspan, wata gadar ƙarfe mai siffar yatsa, tsawonta ƙafa 59, wadda Jody Pinto ta tsara, aka sauke ta da jirgi mai saukar ungulu a 1987. Cikinta ake bi, ƙasanta raga ce, kana tafe kana ganin rami ƙarƙashin takalminka. Mai jin jiri ya kafa idonsa a ɗaya bakin ya wuce kawai. Bayan ta sai gangara zuwa gadar titin Mount Airy, ka haye, ka juya dama, ka bi hanyar tsakuwa ka koma mafari.

Wanda ya haɗa zagayen biyu a rana ɗaya ya yi kusan mil 6, kuma ya ware rabin yini. Can kudu akwai sauran abubuwan gani, kamar babbar gadar Walnut Lane ta 1908 da ƙauyen Rittenhouse inda aka kafa masana'antar takardar nan ta farko, amma waɗannan tafiyar wata ranar ce.

Zama da sauran masu hanya

Idan ka haɗu da doki, ka raɓe gefe, ka tsaya inda zai gan ka, ka yi magana a hankali, kada ka ɗaga hannu ko ka buɗe lema a gabansa. A turbobin White da Yellow ka sa kunne saboda masu keken dutse, sukan ɓullo daga kwana da gudu. Abin sauraren waƙa a kunne biyu ba dabara ba ce a nan. Masu karnuka suna da yawa. Doka ta ce kare ya kasance a ɗaure da igiya, amma ba kowa ke bi ba. Idan ba ka son ya taɓa ka, tsaya cak ka gaya wa mai shi ya riƙe abinsa, gudu shi ke sa ya bi ka. Agwagi da dinyoyin da ke gaban Valley Green ba a son a ba su burodi. Macizan da aka fi gani suna shan hantsi a bakin ruwa ba masu dafi ba ne, ka ba su hanya kawai. Sharar da ka shigo da ita kuma ka fita da ita.

Idan wani ya faɗi ko ya yi targaɗe mai tsanani, a kira lambar gaggawa ta 911. A jikin ginshiƙan alamomin hanya akwai lambobin da ke nuna wa masu ceto daidai inda kake. Ka saba da duba su kana wucewa, don ka iya faɗin ta ƙarshe da ka gani.

Ganye mai ƙaiƙayi da kaska

Abu biyu ne suka fi cutar da baƙo a dajin nan, kuma duka biyun ba a jin su sai an koma gida. Na farko wani tsiro ne da mutanen can ke kira poison ivy. Ganyensa uku-uku ne a kan sanda ɗaya, na tsakiya ya ɗan fi tsawon wuya, kore ne da zafi, ya koma ja a Oktoba. Yana yaɗo a gefen turba, yana kuma hawa itace da wata jijiya mai gashi-gashi. Maiƙon da ke jikinsa na sa fata ta yi ja, ta yi ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi na kwana da kwanaki, kuma ko ganyen ya zube jijiyar na nan da maiƙonta. Kada ka dafa itacen da ka ga wannan jijiyar a jikinsa. Idan ka yi zargin ka taɓa, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa da wuri, ka wanke tufafin da igiyar takalmin su ma.

Na biyu kaska ce, kuma saboda ita na ce a sa dogon wando da safa. Ba irin ƙatuwar da muka sani a jikin shanu ba ce, babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, 'ya'yanta sun fi haka ƙanƙanta. Tana ɗauke da cutar Lyme, kuma Fensilbaniya na cikin jihohin da cutar ta fi yawa. Tana zama ne a kan ciyawa da cikin busasshen ganye, ta maƙale wa mai wucewa. Ka cusa bakin wando a cikin safa, ka fesa maganin ƙwari, ka bi tsakiyar turba.

Da ka isa gida, ka cire kayan ka yi wanka, ka duba jikinka da kyau: bayan gwiwa, hammata, matsematsi, ƙugu inda wando ke kamawa, bayan kunne, da cikin gashi. Yara a duba musu. Galibi sai kaskar ta wuce yini guda a maƙale kafin ta sa cutar, shi ya sa dubawar ranar take da muhimmanci. Idan ka same ta, kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan ka wanke wurin. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Rubuta ranar. Idan cikin makonnin da suka biyo baya ka ga wani zagayayyen tabo yana faɗaɗa, wanda a baƙar fata yakan fito da duhu-duhu maimakon ja, ko ka ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, ka je asibiti ka gaya wa likita cewa ka shiga daji kuma kaska ta cije ka.